Mita Ta Nuna 12.6, Fanka Ta Tsaya Tsakar Dare: Cinikin Batir a Guri

Daga Kadira zuwa Musari, daga Abunabo zuwa Margadu, wutar da mutanen ƙaramar hukumar Guri suka fi dogara da ita ba ta biyo turaku ba. A cikin akwati take, ana ɗaura ta a bayan babur, in damina ta yi nisa kuma a loda ta a kwale-kwale. Kamfanin KEDCO ne ke da alhakin raba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, amma Guri tana can ƙarshen Jigawa ne, kafaɗa da kafaɗa da Yobe, a tsakiyar fadamar Haɗejia da Nguru, inda ruwa kan yanke hanya ya bar gari da abin da ke hannunsa. Tocilar da masunci ke ɗaurawa a goshi, lasifikar masallaci, rumfar mai cajin waya, ƙaramar rediyo, fankar da ke sa a iya runtsawa a watan Afrilu: kowanne da batir mai caji yake rayuwa.

Shi ya sa sayen batir a nan ba ƙaramar magana ba ce. Babban batir na sola, irin wanda sai mutum biyu sun kama, kuɗinsa kan lashe wani kaso mai tsoka na amfanin gonar rani. Da yawa ba sa iya sabo, sai wanda ya taɓa aiki, wanda ya biyo hanya daga Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano ya sauka Haɗejia.

Yadda cinikin ke gudana kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai shago zai jawo wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa mai faɗin tafin hannu, wadda kowa ke kira mita, ya ɗora jan tsinke a kan da ke da alamar tarawa, baƙin a ɗaya kan, ya juyo fuskar ga mai saye. Lamba ta fito: 12.6. "Alhaji, duba da idonka, cike yake." Alhaji ya duba, ya biya, aka ɗaure kaya da roba. Daren farko fanka ta yi ta juyawa har bayan isha'i, kafin ƙarfe ɗaya ta fara jan ƙafa, can ta tsaya.

Ba lallai ne mai shago ya yi ƙarya ba, mita ma ba ta yi ba. Tambayar da aka yi mata ta amsa daidai. Matsalar ita ce ba wannan tambayar ya kamata a yi ba.

Na'urar ta haura shekara ɗari a duniya. Wani injiniyan gidan waya na Birtaniya, Donald Macadie, shi ya gaji da yawo da na'urori daban-daban na awon wuta, ya haɗe su wuri guda, aka fara sayar da ita a 1923 da sunan AVO. Wadda ta cika kasuwannin Arewa a yau ita ce samfurin DT830 daga Sin, mai araha, mai maɓallin juyawa a tsakiya da ramuka uku a ƙasa. Baƙar waya tana shiga ramin da aka rubuta COM, ja tana shiga wanda ke da harafin V. A juya maɓallin zuwa ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙarƙashi, a tsaya kan 20. Wannan ya ishi kowane batir daga na rediyo har mai bolt 12. Idan an juya tsinkayen, ba abin da zai lalace, alamar ragewa kawai za ta fito gaban lambar.

Rami na uku, mai rubutun 10A, shi ne tarkon sabon shiga. Wanda ya bar jar waya a ciki ya taɓa kawunan babban batir, daidai yake da wanda ya haɗa su da guntun ƙarfe. Waya za ta yi zafi nan take, tartsatsi ya tashi, kuma a kan batir mai ruwa wanda ake cikin caja, tartsatsi na iya haɗuwa da iskar haidurojin da yake fitarwa ya fasa akwatin. A yawancin masu arahar ma wannan ramin ba shi da fis. Yaran shago da yawa sun koyi wannan darasin da ƙonannen yatsa.

Batir mai dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, har gobe shi ne sarkin mota da babur da yawancin sola na gida. Mai bolt 12 ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki na ba da kimanin bolt 2.1. Don haka cikakken batir lafiyayye da ya huta kan nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna 12.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. A 12.2 rabi ya rage. A 12.0 saura kwata, ko da yake mutane da yawa in suka ga 12 sai su ɗauka ai shi ke nan, tunda "mai 12" ne. Tazarar da ke tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba, shi ya sa lambobin bayan ɗigo su ne labarin. Wanda kuwa aka kwana ana caja amma ya tsaya wajen 10.5, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu, kuma babu cajin da zai tashe shi.

Duk waɗannan lambobi da sharaɗi suke: sai batir ya huta. Wanda aka cire daga caja yanzu-yanzu kan nuna 13 ko fiye, saboda wata wuta ta sama-sama da ke kwance a fuskar farantansa, wadda ke gushewa cikin 'yan sa'o'i. Mai sayarwa mai wayo ya san haka, shi ya sa za ka tarar da batura jere a kan caja har lokacin da mai saye ya iso. Maganin abin ba wuya: a bar shi ya huta sa'o'i, ko a kunna masa fitila na minti biyu zuwa uku, a kashe, a ɗan jira, sannan a auna. Akwai kuma wata illa da ba kowa ya lura da ita ba. Mita kanta da ƙaramin batir mai bolt 9 take aiki, kuma idan ya yi rauni, masu arahar kan riƙa nuna lamba sama da gaskiya. Hoton batir da ke bayyana a kusurwar fuskarta ba ado ba ne.

To, ko an kiyaye duk wannan, me ya sa fankar Alhaji ta tsaya?

Manomin fadama ya san amsar ta wata hanya. Rijiyar burtsatse da aka haƙa a gona, in ka leƙa za ka ga ruwa ya taso har kusa da baki, amma ba wanda ke yanke mata hukunci sai an tayar da inji an ga ko za ta jure awa guda tana ba da ruwa. Mita leƙe kawai take yi. Wutar da take ja daga batir don ta auna shi ba ta taka kara ta karya ba: DT830 a kan batir mai bolt 12 na jan abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu hamsin na amfiya guda ba, alhali ƙaramar fanka mai wat 15 na jan fiye da amfiya ɗaya, wato kusan ninki dubu ɗari. Tsohon batir da farantansa suka daskare da farin gishirin da ke taruwa idan ana barinsa babu caji, zai iya cika ya nuna 12.6 daram, amma cikin nasa ya tsuke. Wanda aka rubuta wa 100Ah a jiki wataƙila abin da ya rage masa bai wuce 30 ba.

Saboda haka gwaji na gaskiya sai da lodi, kuma kayan aikin suna nan a kowane garejin bakin hanya. Ƙwan fitilar gaba ta mota mai wat 55 na jan amfiya huɗu da rabi, ko sama kaɗan. A ɗaure masa wayoyi biyu masu kauri da 'yan maƙalai, a manna a kawunan batir, a bar tsinkayen mita a wurin. Ƙwan zai haske fau, ya yi zafin da ba a taɓawa, don haka a rataye shi nesa da leda da ciyawa. Ido kuma ya koma kan lamba. Lafiyayyen babban batir zai ɗan sunkuya, kamar zuwa 12.3, ya tsaya a nan, lambar ƙarshe tana motsi da kyar. Marar lafiya kuwa sai ka ga lambobi suna zubewa a gabanka, 12.1, 11.8, 11.4, hasken ƙwan yana komawa ja-ja kafin a gama gaisawa. Minti goma sun isa su tona asirin mafi muni.

Masu dama-dama sai an ba su lokaci. Rubutun 100Ah yana nufin batir zai ba da amfiya 5 na tsawon awa 20 kafin ya sauka 10.5, haka masana'antu ke lissafi. Ba sai an zauna awa 20 ba, kuma tatse batir mai dalma har ƙasa cutar da shi ne. A kunna ƙwan awa biyar, abin da ya sha ya kama kusan 23Ah, kwatan cikin batir ke nan. A cire, a bari ya huta awa ɗaya, a auna. Idan ya dawo wajen 12.4, rubutun jikinsa gaskiya ne. Idan ya tsaya a 12.2, rabin abin da aka rubuta ya rage, farashi ma ya kamata ya bi. Idan 12.0 ne ko ƙasa, abin da ake sayarwa dalma ce da akwati. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai ƙi a bar ƙwai a kunne daga hantsi zuwa la'asar ba, ko a yi yarjejeniyar kwana ɗaya a gaban shaida. Wanda ya hau faɗa daga jin maganar ƙwai ya riga ya ba da amsa.

Na babur da mota sun fi sauƙi, domin lodinsu na tare da su. A riƙe tsinkaye a kai, wani ya danna sitata. Idan lamba ta nutse ƙasa da 9.6 yayin da inji ke juyawa, batir ya gaji. In inji ya tashi aka ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka, ba batir ne mai laifi ba, abin da ke caja shi ne, kuma sabon da za a saya ma haka zai mutu. Wannan gwajin na minti ɗaya ya isa ya hana ɗan acaba canza batir sau biyu a shekara.

Haka lamarin yake a sola, kuma a nan ne ake yin kisan baturan da ya fi yawa. Jigawa ba baƙuwar sola ba ce. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, wata ƙungiyar Amurka mai suna Solar Electric Light Fund ta kafa wa wasu ƙauyukan jihar wutar rana ta famfo da asibiti da makaranta. Amma yaɗuwarta gida-gida ta ƙaru sosai bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da ƙaramin janareta ya zama abin kallo, faɗuwar naira kuma ta ɗaga kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. Don rage kashe kuɗi, wasu kan haɗa farantin sola kai tsaye da batir babu kwantirola a tsakani. Farantin da ake kira mai 12, in ka auna shi a rana ba a haɗe da komai ba, yana nuna wajen bolt 20 ko sama. Da azahar, batir ya cika, faranti bai sani ba, yana ta turawa. Mita za ta nuna 15 ko fiye, ruwan ciki yana tafasa, farantan cikin batir na bushewa. Abin da ake so a gani lokacin caji shi ne kada ya wuce kimanin 14.4, ya kuma sauko wajen 13.6 bayan ya cika. Idan ruwa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba, domin gishirin da ke cikinsa yana kashe farantai a hankali.

Mai inbata da ke haɗa batura biyu don samun bolt 24 ya auna kowanne shi kaɗai. Jimilla na iya yin kyau alhali ɗaya yana 12.7, ɗayan yana 12.1, kuma raunannen shi zai ja ɗan'uwansa ƙasa.

Yanayin yankin ma ba ya ragawa. Lissafin masana'antu na tsawon ran batir an gina shi ne a kan zafin digiri 25. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ran batir mai dalma da rabi. A Afrilu da Mayu zafin wannan yanki na haura 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Batir da aka ce zai yi shekara biyar, a shagon kwano marar taga in ya yi biyu ya yi ƙoƙari.

Sai ruwa. Tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejia ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma ta riƙa shiga inda ba a saba ba. A 2020 da 2022 garuruwan masarautar Haɗejia da dama sun sha ruwa, Guri na ciki. Batir da ya zauna a ƙasa mai danshi, ƙura da taɓo suka haɗu da ɗigon asid a samansa, yana zubar da wuta ta wannan dattin ko ba a kunna komai ba. Mita na iya nuna wannan kai tsaye, kuma gwaji ne mai ban sha'awa: a ɗora baƙin tsinke a kan ragewa, a riƙa jan jan tsinken a saman robar akwatin, ba tare da taɓa ɗaya kan ba. A busasshen batir mai tsabta lamba ba ta motsi daga sifiri. A mai datti za ka ga bolt biyu, biyar, har fiye, yayin da tsinke ke matsawa. Tsumma da ruwan da aka jiƙa 'yar bakin-soda a ciki sun isa gyara, muddin ba a bari ya shiga ramukan ba. Daga nan a ɗora shi kan katako ko benci, nesa da ƙasa.

Ƙananan batura nasu lissafin daban. Na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, shi ne a cikin waya da fawa-bank da sababbin tocila. Ɗaki ɗaya kan nuna 4.2 in ya cika, 3.7 a tsakiya, wajen 3.0 kuma ya ƙare; na wayoyin zamani kan kai 4.35 ko 4.4. Shi ma BL-5C na tsohuwar Nokia, wanda yanzu ya koma cikin ƙananan rediyo masu karanta memori, wannan lissafin yake bi. Masu gyaran waya na da dabarar "tayar" da wanda ya suma ta hanyar taɓa masa wuta kai tsaye. Wani lokaci yakan farfaɗo. Amma ɗakin litiyam da ya daɗe ƙasa da 2.5 ya riga ya lalace ta ciki, kuma irinsa ne ke zafi a caji har ya kama wuta. Wanda ya kumbura, ko wanda ambaliya ta jiƙa, ba ya buƙatar mita ma. A raba shi da ɗakin kwana.

Akwai kuma dogon nan mai kama da yatsa, 18650, wanda sunansa girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da 'yan tebur na garuruwa cike suke da masu rubutun 8800mAh ko 9900mAh. Manyan masu ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG, nasu mafi ƙarfi bai wuce wajen 3500 ba. Na jabun ma 4.2 zai nuna a mita, ba kunya. A nan sikeli ya fi mita amfani: na gaske na kai wajen giram 45, na jabu sau da yawa hannu ma na jin rashin nauyinsa. In an sa masa lodi, kamar 'yar fankar hannu, mai kyau zai sauka kaɗan daga 4.1 zuwa wajen 4.0, marar kyau ya faɗa 3.6 nan take.

Sababbin manyan batura na litiyam da masu hali ke sa wa sola, masu rubutun LiFePO4 da bolt 12.8, sun ƙara rikita masu dogaro da lamba. Suna tsayawa wajen 13.2 kusan duk tsawon aikinsu, ko sun kusa cika ko sun yi nisa da sauka, sannan su faɗi farat ɗaya. Wanda ya auna su da jadawalin batir mai dalma zai yi ta murna har wuta ta ɗauke. Ƙanana masu bolt 1.2 na rediyo da rimot kuwa, 1.4 ne daga caja, 1.0 ya ƙare. Tsofaffin tocila masu caji da yawa kuma ɗan ƙaramin batir mai dalma ne a ciki, mai bolt 4 ko 6, wanda ke mutuwa saboda ana barinsa sai ya ƙare ƙaf kafin a kai caji.

Wanda mita da ƙwai suka yanke wa hukunci ba ya rasa mai saye. 'Yan gwangwan na bin gari-gari da sikeli, domin fiye da rabin nauyin batir dalma ce, kuma tana da kuɗi. Abin da ke faruwa kafin a ɗora a sikeli ne abin damuwa: akan tuntsurar da asid a ƙasa don rage nauyi, wasu su fasa akwatin da gatari a tsakar gida, wasu su narka dalmar a gwangwani su yi nauyin da ake ɗaura wa komar kamun kifi. Arewa ta ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Can daga ma'adinai ta fito, amma ta batir ita ce dai wannan gubar, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. A 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin tattara matattu. Daga Abuja zuwa bakin kasuwar Guri tafiya ce mai nisa. A fadamar da ake samun ruwa bayan haƙa 'yan mitoci kaɗan, kuma rijiyar sha da gonar shinkafa da tafkin kifi duk ruwa ɗaya suke sha, abin da ke hannun mai gida shi ne ya sayar da mataccen batir a tsaye, da murafansa a rufe, da ruwansa a ciki, ya kuma ƙi yarda a fasa shi a ƙofar gidansa, ko da ɗan gwangwan zai rage masa wani abu a kuɗin kilo.